Babi na Bakwai: Haɗa Bodin Filawud ga Motar Feda ta Iyali

Motar feda mota ce mai taya huɗu, wani lokaci uku, wadda ba ta da inji. Mutanen da ke cikinta ne suke taka feda irin ta keke, sarƙa kuma ta juya tayar baya. Ta iyali takan ɗauki manya biyu masu takawa da yaro ɗaya ko biyu. A wannan babi mun ɗauka cewa kun riga kun haɗa firam ɗin ƙarfe da tayoyi da sitiyari da burki, abin da ya rage shi ne bodi, wato gangar jikin da za ta kare mutane daga taɓo da iska da haƙoran sarƙa. Aikin ba sabo ba ne, domin a ƙasar Faransa wani maƙeri mai suna Charles Mochet ya yi ta ƙera irin waɗannan motoci a shekarun 1920 da 1930 da sunan Velocar, kuma da filawud marar kauri ya yi musu bodi. Da fetur ya yi wuya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, mutane sun ci moriyarsu ƙwarai.

Kafin ku ɗauki zarto, ku sa a ranku cewa cinyoyinku su ne injin wannan mota. Duk kilo ɗaya da kuka ƙara wa bodi, ku ne za ku haura da shi tudu, yau da gobe. Saboda haka kafintan da ya saba yin kabad da tebur sai ya sake tunani a nan, domin kaurin katakon da ake yabo a kayan ɗaki shi ne babban aibi a motar feda.

Sanin filawud

Filawud siraran yankan itace ne da aka jera wani kan wani aka manne da gam, jijiyar kowane yanka tana gicciye ta wanda ke ƙarƙashinsa. Idan kun dubi bakin falle za ku iya ƙirga su, kuma galibi za ku samu 3 ko 5 ko 7. Wannan gicciyewa ce ta sa ba ya tsagewa da sauƙi kamar falanki. Cikakken falle yana da tsawon santimita 244 da faɗin santimita 122, wato ƙafa 8 da ƙafa 4. Nauyinsa ya danganta da irin itacen, amma a ƙiyasi mai kaurin milimita 4 yakan kai kilo 7, mai 6 kilo 11, mai 12 kilo 21, mai 18 kuwa kilo 32. A ganina milimita 4 ya isa ga gefuna da bonet, milimita 9 ko 12 ga daɓe da wurin zama kaɗai, inda nauyin mutum yake sauka. Ku nemi wanda aka manne da gam mai jure ruwa, irin wanda ake aikin waje ko kwalekwale da shi, domin na cikin ɗaki yakan kumbura ya ɗaye tun ruwan farko.

Wani zai ce, ai milimita 4 laushi gare shi, yaro ma zai lanƙwasa shi da hannu. Gaskiya ne, amma ku gwada wannan: ku riƙe fallen takarda ta gefe ɗaya, za ku ga ta sunkuya ƙasa. Yanzu ku ɗan lanƙwasa ta kamar indararo, ku sake riƙe ta, za ku ga ta miƙe tsaf, har tana iya ɗaukar fensir. Takardar ba ta ƙara kauri ba, siffarta ce ta sauya. Haka filawud yake: da zarar an lanƙwasa shi, ko an haɗa shi da wani falle a kusurwa kamar akwati, ko an manna masa siririn katako ta ciki kamar haƙarƙari, sai ya yi ƙarfin da ya ninka na shimfiɗaɗɗe ba tare da ya ƙara nauyin kirki ba.

A fara da kwali

Kada ku yanka filawud sai kun gama bodin gaba ɗaya da kwali. Ku tara manyan kwalaye, ku yanka su da wuƙa, ku manna su a jikin firam da salatif, sa'an nan wanda ya fi kowa tsawo a gidan ya shiga ya zauna ya taka feda baya-baya, sauran kuma su durƙusa su duba. Hannun feda na keken manya yakan kai santimita 17, ke nan ƙafa tana zana da'ira mai faɗin santimita 34, ban da tsawon takalmi. Ku duba ko gwiwa tana taɓa bonet a sama, ko dunduniya tana gogar daɓe a ƙasa, ku bar tazarar yatsu uku ko huɗu a ko'ina. Bayan haka ku murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu da dama, ku tabbata tayar gaba ba ta cin gefen bodi. Ni kaina na yi wannan kuskure a motar farko da na haɗa, domin na auna bonet ina zaune shiru ban taka ba, ranar gwaji kuwa gwiwata ta dama ta riƙa bugun katako a kowane juyi har ta yi ja, ala tilas na ɓamɓare aikin kwana uku. Da kwali ne, da wuƙa kawai zan sa in gyara cikin minti biyar.

Idan kwalin ya zauna daidai, ku cire shi, ku rubuta sunan kowane yanki a kansa, ku shimfiɗa su a kan filawud ku zana da fensir. Gefen hagu da na dama iri ɗaya ne, don haka ku haɗa falle biyu ku yanka su tare. Yankin da za a lanƙwasa kuwa, ku ajiye shi yadda jijiyar fuskar katakon za ta zauna a miƙe, ba ita za ta lanƙwashe ba, kamar yadda ake naɗe tabarma, domin ta wannan fuska ya fi bin hannu.

Yanka da haɗawa

Filawud yakan yi gashi-gashi a gefen da haƙoran zarto suke fita. Idan zarton hannu ne, ku sa kyakkyawar fuska ta dubi sama. Idan ƙaramin zarton lantarki ne mai yankan lanƙwasa, wanda haƙoransa suke ci yayin da suke komawa sama, ku kifa ta ƙasa. Bin layin da kaifin wuƙa kafin yanka yana rage wannan matsala sosai. Ku rufe hanci da baki, domin ƙurar tana haɗe da gam.

Bakin filawud ba ya riƙe ƙusa ko sukuru, yana buɗewa ne kawai. Saboda haka duk inda falle biyu suka haɗu, ku sa siririn katako mai kaurin santimita 2 ta kowace fuska a cikin kusurwar, ku shafa gam mai jure ruwa, ku fara huda ƙaramin rami, sa'an nan ku ɗaura sukuru daga filawud zuwa cikin katakon, tazarar santimita 10 zuwa 15. Gam shi ne ainihin mai riƙewa, sukuru yana matse wurin ne har ya bushe, don haka ku bar shi ya kwana. Wajen lanƙwasa bonet, ku kama gefe ɗaya tukuna, ku riƙa dannawa a hankali kuna ɗaurawa ɗaya bayan ɗaya, kuma idan kun ji katakon ya fara ƙara ku dakata, ku ɗora masa tsumma mai ruwan zafi na ɗan lokaci.

Bodin da kansa ana ɗaura shi a firam da bol da noti, tare da faffaɗan wosha don kada kan bol ya nutse cikin katako, a kuma sa guntun tsohon tub tsakanin ƙarfe da itace saboda jijjiga. Ku bar murfin da za a iya cirewa a saman sarƙa da burki, in ba haka ba duk ranar da sarƙa ta zame sai an kwance rabin mota. Wurin zaman yara shi ne inda ba na yarda a yi sassauci: sarƙa da sifok su kasance a rufe ruf yadda ɗan yatsa ko bakin riga ba zai kai gare su ba, kowace kusurwa a goge ta har kaifinta ya tafi, kada kuma tsinin sukuru ko ɗaya ya leƙo ciki. Ku bi ciki duka da tafin hannu, abin da ido bai gani ba hannu zai ji.

Idan kuna son rufi, ku yi shi da yadi ko tamfol a kan siraran sanduna, domin nauyi a sama yana sa mota ta nemi kifewa a kwana. Ku kuma bar gefuna a buɗe daga kafaɗa zuwa sama, saboda mai taka feda yana zufa, yana kuma bukatar ganin hanya ta kowane ɓangare.

Fenti

Ruwa ta baki yake shiga filawud. Ku goge bodin da samfefa mai lamba 80, sa'an nan 120, ku cike ramuka, ku shafa fentin share fage ciki da waje, bakunan kuwa ku maimaita musu sau biyu ko uku har su daina sha. Ku huda ƙananan ramuka a wurin da ya fi gangara a daɓe don ruwa ya fita, su ma ku sa musu fenti a ciki. Launi mai haske ya fi, tare da abin ƙyalli gaba da baya.

Aikin yi kafin darasi na gaba

Wata mota tana bukatar falle biyu don gefuna da bonet, da falle ɗaya don daɓe da wurin zama. Ku lissafa nauyin bodinta idan an yi gefunan da milimita 4, daɓen da milimita 12. Ku sake lissafawa idan duka an yi su da milimita 18, ku rubuta bambancin. Bayan haka ku auna tsawon ƙafar kowane babba a gidanku daga ƙugu zuwa dunduniya, ku zo da awon tare da manyan kwalaye biyu da wuƙa.