Baƙin da ke ƙeyar yaro ba dauɗa ba ce

Wanda ya iso Ingila da iyali ba zai sha wahalar rajista da likitan unguwa ba, wato GP, domin kyauta ce kuma ba a tilasta wa kowa nuna takardar zama. Neman makaranta ma 'yan'uwa za su nuna muku hanya, don jama'armu ba ta yasar da baƙo. Abin da nake roƙon sababbin zuwa su sa wa ido shi ne wuyan 'ya'yansu.

A hunturunmu na biyu na ga ƙeyar ɗiyata, tana da shekara 11 a lokacin, ta yi baƙi ta yi kauri, in an shafa kamar karammiski. Na ɗauka ƙazanta ce. Wata huɗu ina dirje wurin da soso da sabulun salo har ya ɗaye, ina yi mata faɗan ƙyuyar wanka, tana kuka tana rantsuwa cewa ta yi. Har man bilicin na saya, kuma har yau ina jin kunyar waɗannan watanni. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasarmu ce ta hango wurin ana yi wa yarinyar kitso, ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ki ajiye soso, ki kai ta gwajin jini."

Likitoci suna kiran abin akantosis nigirikans. Idan jiki ya fara bijire wa insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sai ya riƙa samar da shi fiye da kima, wannan yawan ne yake kaurara fata a ƙeya da hammata da matse-matsi. Shi kansa ba ciwon sukari ba ne, gargaɗi ne cewa ciwon sukari nau'i na 2 yana iya biyo baya, musamman ga yaro mai ƙiba wanda ake da ciwon a danginsa.

In kun je wurin likita kada ku ce ƙuraje ne kawai, don za a iya sallamarku da man shafawa. Ku ambaci nauyin yaron da masu sukari a dangi, ku nemi gwajin HbA1c, wato gwajin jini da ke nuna matsakaicin sukarin jini na 'yan watannin baya. In sakamakon ya nuna daga 42 zuwa 47 an iso bakin ƙofa, 48 zuwa sama kuwa ciwon ne. Na ɗiyata 43 ya nuna.

Yaron da a ƙasarmu yake wuni yana guje-guje, a nan ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi a Disamba, yana ɗaki da waya da lemon kwalba. Makarantun firamare suna auna tsayi da nauyin yara a ajin farko da aji 6, a aiko wa iyaye takarda, amma na ga masu jefa ta a shara suna murnar yaro ya murje, har ana tura hoto gida. Mu dai mun daina sayen lemo, mun rage shinkafar dare, muka koma zuwa makaranta a ƙafa ko ana yayyafi, kuma sai da aka kusa shekara kafin ƙeyar ta fara washewa.