Yadda za ka kalli neman auren tsuntsaye da ƙwari a damina

Idan a Kaduna kake, ba sai ka yi wata doguwar tafiya ba. Lokacin abin shi ne damina, musamman daga Yuni zuwa Satumba, sa'ad da ciyawa ta kai ƙugu kuma mazan tsuntsaye suka sake gashi. Fito bayan sallar asuba, ka sa kaya masu duhu, ka gangara bakin Kogin Kaduna ta wajen Gamji, ko fadamun Kabala da Unguwar Rimi. Ka yi wa masu gonakin sallama, ka nemi izini kafin ka taka shukar mutum. Sau da yawa su ne ma za su nuna maka bishiyar da ta fi tsuntsaye.

Fara da marai, tsuntsun nan rawaya mai baƙin kai da ke saƙa sheƙa tana reto a ƙarshen reshe. Hayaniyarsu za ta kai ka wurinsu. Nemi inuwa nesa kaɗan ka zauna, kada ka yi ta nuni da hannu. Namiji ne ke saƙar, yana tsago ɗanyen ganyen ciyawa ko na kwakwa, yana ɗaurawa da baki. In mace ta iso, sai ya rataye a ƙasan sheƙar, kai ƙasa ƙafa sama, yana kaɗa fukafukai yana kuka. A nan yawancin masu kallo suke shagala da namijin, amma ni shawarata ka zuba wa macen ido. Launinta bai kai nasa ba, ba ta da hayaniya, amma hukuncin a hannunta yake. Za ta shiga ciki ta dudduba, ta ja zaren da baki kamar mai sayen atamfa a Kasuwar Barci. In ta yarda, za ka ga ta fara shigo da lallausar ciyawa tana shimfiɗawa. In sheƙar ta bushe ta koma ruwan ƙasa ba wadda ta karɓa, shi da kansa yake wargaza ta ya soma sabuwa. Duba gindin bishiyar, za ka tarar da tarkacen waɗanda aka ƙi.

Masanin halittu Charles Darwin ya yi bayanin wannan a 1871: akwai siffofin da ba sa taimakon dabba wajen tsira, amma suna wanzuwa saboda mata na zaɓen masu su, ko saboda suna taimakon namiji ya kori abokin takara. A 1982 wani masani mai suna Malte Andersson ya gwada haka a Kenya da wani tsuntsu mai dogon bindi. Ya rage wa wasu mazan bindi, ya ƙara wa wasu, sai mata suka fi yin sheƙa a yankin waɗanda aka ƙara wa.

Kai ma za ka ga makamancinsa a jikin zalaidu. Da damina namijin yana fitar da dogon bindi siriri, ya riƙa tsalle a iska bisa kan macen da ke zaune. Bindin na yi masa nauyi wajen tashi, kuma da rani yake zubar da shi. Shi ma mulufi, ja da baƙi, a kan ciyawar fadama ko gonar shinkafa za ka same shi yana kumbura gashi yana kewaya ɗan yankinsa. Da kaka ta wuce ba za ka iya bambanta shi da macen ba.

Ina roƙon arziki, in ka tafi da yara, a bar danƙo a gida. Kuma in ka ga cilakowa yana kai abinci wata 'yar tsaga a jikin bishiya, ka yi nisa. Matarsa ce a ciki, ta liƙe ƙofar kogon tana kwanci, da shi kaɗai ta dogara.

Ƙwari kuma sai da rana ta ɗaga ko da dare. A bakin kududdufi ka lura da mazari: namiji yakan riƙe reshe guda, ya kori duk namijin da ya matso. In ka ga biyu a haɗe suna tashi tare, namijin ne ya kama macen ta bayan kai, kuma a wasu irin ba ya sakinta sai ta gama zuba ƙwai a ruwa. Kukan gyare da dare na namiji ne, fukafukansa na gaba yake gogawa, macen kuwa kunnuwanta a ƙafafun gaba suke, da su take bin sautin.

Mafi sauƙin gani duka shinge ne, wato gara mai fukafukai, kuma a tsakar gidanka ma za ka gan shi. Daren da aka yi ruwa a farkon damina, kunna fitilar waje ka jira. Bayan sun taru sun zubar da fukafukai, tsuguna da tocila ka duba ƙasa. Za ka ga biyu-biyu suna tafiya, mace a gaba namiji na manne da ita a baya, suna neman ƙasa mai laushi da za su tona su kafa sabon gidan gara. Sa takalmi rufaffe kafin ka fita, domin kwaɗi na zuwa cin shingen, macizai kuma kan biyo kwaɗin.