Saukar sukari bayan cin abinci: kurakuran da aka fi yi

Akwai masu fama da saukar sukarin jini awa 2 zuwa 4 bayan sun ci abinci, alhali ba su da ciwon sukari: hannu na karkarwa, zufa na ketowa, zuciya na bugawa, ga yunwa kamar ba a karya ba. Abin da ke faruwa shi ne abincin ya ɗaga sukari da sauri, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sukarin ya rikito. Abin takaici, kurakurai iri ɗaya ake ta maimaitawa.

Mafi muni shi ne kashe wutar da fetur. Da jiri ya taso sai a kafa kai a shanye lemon kwalba na 50cl, a bi da biskit. Za a ji daɗi na ɗan lokaci, amma an sake tunzura insulin ɗin da ya jawo matsalar, bayan awa biyu a koma gidan jiya. Don Allah a daina! Giram 15 na sukari kawai ake bukata: cokalin cin abinci ɗaya na zuma ko sukari a ruwa, ko rabin kofi na lemo, kimanin mililita 120. Sukarin waccan kwalbar kan kai ninki uku na giram 15 ɗin. A jira minti 15, in ba a ware ba a ƙara irin wannan awon. Da an dawo daidai a ɗora da abin da zai riƙe ciki: dafaffen ƙwai, gyaɗa cikin tafin hannu, ko awara. Wannan ɗorin ne kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ke hana faɗuwa ta biyu. Cakulan ba ya aiki nan take, maiƙonsa na jinkirta shigar sukari jini.

Na biyu karin kumallo. Koko tacacce da sukari cokali uku, ko shayi mai zaƙi da farin burodi, a kan cikin da ya kwana ba komai, wane ne zai yi mamakin karkarwar hantsi? Ruwa-ruwan hatsi da aka tace dusarsa ba ya jimawa a ciki. Ni ban cewa a bar koko. Ina cewa a fara cin ƙosai ko alala, sannan a sha rabin kofin kokon ba sukari. Fura ma a dama ta da kindirmo mai yawa, a ajiye gwangwanin sukari gefe. Da rana a rage malmalar tuwon shinkafa zuwa girman dunƙulen hannu, a yawaita miyar ganye da kifi ko nama. Shinkafa da wake ta fi farar shinkafa zalla.

Wasu kuma tsoro ke sa su yanke hatsi gaba ɗaya. Ba a ce haka ba, ragewa da haɗawa ake nufi.

Kada a bar ciki awa shida sannan a zauna wa babban faranti. A ci kaɗan duk bayan kamar awa 3, da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa a aljihu. Kofi da shayi mai kauri na iya tsananta karkarwar.

Sai yanke wa kai hukunci ba gwaji. Ƙarancin jini da fargaba kan zo da alamu masu kama da waɗannan. A gwada da na'urar awon sukarin jini a daidai lokacin da abin ya taso, a rubuta adadin da abin da aka ci; ƙasa da 70 mg/dL ya yi ƙasa. A kai wa likita takardar, musamman wanda aka taɓa yi wa tiyatar tumbi, ko mai shan maganin ciwon sukari, don nasu tsarin daban ne. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.