Ɗumama daɓe a gidan Ingila idan tsayin ɗaki bai ba ka sarari ba

Aikina shimfiɗa bututun ɗumama a ƙarƙashin daɓe, galibi a tsofaffin gidajen nan na jere da suka cika Bradford da Leeds. Kukan masu gida kusan ɗaya ne: suna son daɓe mai ɗumi, amma ba sa son ya taso har ƙofa ta ƙi buɗewa. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, duk milimitar da ka samu, fara ba wa allon tare zafi, sauran kayan su matsa. In babu wannan allo a ƙarƙashin bututu, wani kaso mai tsoka na zafin da kake biya zai gangara ya ɗumama ƙasar da ke ƙarƙashin gida.

Fara da awo. Kada ka auna wuri ɗaya, domin kankaren tsohon gida ba ya taɓa zama daidai. Nemo inda ya fi tudu ka lissafa daga nan. Duba bakin ƙofar waje, ƙasan kabad ɗin kicin, da matakalar bene ta farko. Wannan matakalar ce ake yawan mantawa: in daɓe ya taso, tsayinta ya ragu, ƙafa kuma ta saba da tsayi iri ɗaya, sai a riƙa tuntuɓe.

Mu ɗauka kana da milimita 100. Tayil da manninsa za su ci kamar 15. In ka zuba daɓen yashi da siminti, yana buƙatar 65 zuwa 75, sai ya bar maka abin da bai wuce 20 ba. Amma daɓen ruwa, wanda ake turowa da famfo ya kwanta da kansa, 45 zuwa 50 ya wadatar. Ka ga allon ya samu 35 zuwa 40 ke nan. A nan ne ribar take, shi ya sa ba na yarda a yi rowar kuɗin daɓen ruwa.

Sai irin allon. Farin soso na EPS yana da araha amma yana son kauri. Allon PIR, wato soso mai tauri da fatar alminiyam a jikinsa, irin na kamfanin Celotex ko Kingspan, milimita 40 nasa na yin aikin kusan 65 zuwa 70 na farin soso. Akwai kuma allon da aka zuƙe wa iska, irin su Optim-R, wanda 20 nasa ke kamo 60 na PIR. Tsadarsa ba wasa, ba a yanka shi, kuma ƙusa ɗaya ta huda shi ya tashi aiki, don haka ba a kafa maƙalan bututu a jikinsa kai tsaye. Ni sai a ƙaramin wuri kamar banɗaki nake kawo maganarsa.

Wajen shimfiɗa, leda mai kauri ce ta farko a kan kankare don tare danshi, sannan allo, a matse bakinsa da juna a liƙe da tef. A kewaye gindin bango da siririn soso na milimita 8 zuwa 10, domin daɓe yana buɗewa idan ya ɗumama. Sai wata ledar a saman allon: fatar alminiyam da ke jikin PIR ba ta jituwa da ɗanyen daɓe, tana sa shi kumfa. Bayan an kafa bututu, a cika shi da ruwa a matsa, a bar ma'aunin matsin ruwan a jiki har a gama zubin daɓe, ido na kansa.

To in abin da kake da shi bai wuce 25 ko 30 ba fa? Akwai alluna masu kwari-kwari, kaurin 15 zuwa 20, da ake kwantar da siririn bututu na milimita 10 ko 12 a ciki, a ɗora tayil ko katako a kai. A bene suna aiki sosai, tunda zafin da ya sauka ɗakin ƙasa ya shiga. A ƙasa kuwa, kan kankaren da ba shi da kariya, za ka ji a takardar kuɗin gas. In za ka daɗe a gidan, fasa kankaren a haƙa ƙasa ya fi, duk da ƙura da kashe kuɗi. Sai ka sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma kafin ka fara. In daɓen na katako ne, ka huta: allon yana shiga tsakanin ginshiƙan katakon ba tare da ƙara tsayi ba, kawai kada a toshe ƙofofin iskan da ke gindin bango, in ba haka ba katakon ya ruɓe.

Daɓen ruwa yana bushewa kamar milimita ɗaya a rana, kuma bayan 40 ya fi haka jinkiri. Kada a sa tayil sai an gwada danshin daɓen an kuma goge ɓawon da ke samansa. Ranar kunnawa a fara da ruwa mai ɗumin digiri 25, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowace rana. In katako ka shimfiɗa a sama, kada zafin fuskarsa ya haura digiri 27.