Iyaye masu kai yara gasar ninkaya, ku rubuta a hannun yaro

Salam jama'a. Ranar gasa, kafin ku bar gida, ku ɗauki maka mai tawada marar goguwa ku rubuta a damtsen yaron: lambar tsere, rukunin da aka sa shi, da lambar layin da zai bi a cikin ruwa. Misali 12 / 3 / 5, sai ku ƙara "mita 50 rigingine" a gefe.

Takarda jiƙewa take yi a bakin ruwa, lasifika kuma ba a ji saboda hayaniya, koci ɗaya ga yara birjik ba zai iya bin kowa ba. Ɗiyata ta taɓa rasa tserenta haka, tana zaune tana cin ayaba aka kira rukuninsu aka gama, kuɗin rajista ya tafi ga kuka har gida wallahi abin ya dame ni.

Amma fa kar a shafa mai ko basilin kafin rubutun, tawadar ba za ta kama ba. Fata ta bushe tukuna. Kuma wani lokaci alƙalai kan haɗe rukuni biyu idan wasu ba su zo ba, layi ya canza, to da kun isa yaron ya nuna wa koci hannunsa ya duba.

Daga nan aikinku ya ƙare, ku koma wurin 'yan kallo da tawul da ruwan sha. Gyaran bugun hannu da juyi na koci ne, in kuna ta ihu daga sama ruɗa yaron kawai kuke yi.

Da yamma ɗan sanitaiza a auduga zai goge rubutun tas.