Yadda Ake Cin Abinci a Ƙaramin Gidan Abinci a Maroko

Duk Bahaushen da tafiya ta kai shi Maroko, ko ziyarar zawiyar Shehu Ahmad Tijjani a birnin Fas, ko karatu a Rabat, ko fatauci a Kasablanka, ba zai daɗe ba yunwa za ta tsayar da shi a ƙofar gidan abinci. Baƙi da yawa sukan faɗa wurin da ya fi haske da yawan hotuna a bango, su ci abin da aka ɗumama musu cikin gaggawa, su biya kuɗi mai tsoka, sannan su dawo gida suna cewa girkin ƙasar salam yake. Wannan hukunci yana ba ni takaici, domin abincin mutanen Maroko abinci ne mai lokaci, kowane iri da sa'arsa, wani ma da ranarsa, kuma wanda ya kiyaye lokacin zai yi santi a rumfar da kujerunta na roba ne.

Tun daga bakin titi ake zaɓen wuri. Ka duba ƙofar da aka jera ƙananan murhunan gawayi, kowanne ɗauke da tukunyar ƙasa mai faɗi da murfi mai tsini kamar malafa. Wannan tukunya ita ce ɗajin, kuma sunanta ne ya zama sunan abincin da ake dafawa a cikinta. Mai gidan yakan ɗora tukwanen tun da hantsi, su yi ta dahuwa a hankali a kan garwashi, tururin yana hawa cikin murfin yana komowa kan naman, har zuwa lokacin da ma'aikata za su fito cin abincin rana, wato tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi. Ba laifi ba ne ka nemi a buɗe maka murfi biyu ko uku ka gani da idonka, domin haka 'yan gari suke yi, kuma wanda ka nuna shi za a sauke a kawo gabanka yana tafarfasa. Idan ka makara har la'asar ta gabato, mai yiwuwa ka tarar tukwane sun ƙare. Idan kuwa ka ga takardar abinci mai ɗajin iri ashirin, kuma aka ce kowanne zai iso cikin minti goma, to ka sani an dafa shi ne a wata tukunya dabam aka juye a ta ƙasa don ado. Alama ta biyu ita ce masu cin abincin: inda direbobin tasi da masu shaguna da magidanta da iyalansu suka cika, can ne wurin zama. A dandalin Jami'ul Fana na Marakish, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun da ta karrama tun 2001, rumfunan abinci sukan tashi da yamma, samari masu kiran ciniki kuma za su tare ka ta kowane ɓangare. Ka gode musu cikin fara'a, ka wuce, ka zagaya sau ɗaya tukuna kafin ka zauna.

Da ka shiga ka yi sallama, za a amsa maka yadda ka saba ji a gida. Larabcin da ake yi a titi, wanda suke kira Darija, ya yi nisa da na littafi, har wanda ya yi karatun allo da na zaure yakan rikice a kwanakin farko, amma kalmomi kaɗan sun isa a ci abinci. Kaza ita ce "djaj", nama "lham", kifi "hut", burodi "khubz", kalmar roƙo kuma "afak". Idan ka ce "ash kayn?" kana tambayar abin da ke akwai, kuma a ganina wannan tambaya ta fi karanta takarda amfani, domin takardar, wadda galibi da Faransanci da Larabci ake rubuta ta, takan lissafa har abin da ba a dafa ba a ranar. Mutanen Nijar da Kamaru da Cadi masu jin Faransanci ba za su sha wahala ba ko kaɗan. Kafin a kawo komai, ka tambayi farashi da kalmar "bshhal?", musamman a wuraren da baƙi suka yi yawa.

Abin da zai fara sauka a teburinka shi ne kwandon burodi mai faɗi zagayayye, wani lokaci da ɗan faranti na zaitun. Burodin yakan zo tare da abinci, amma a rumfunan da suka saba da 'yan yawon buɗe ido akan ajiye ƙananan faranti da ba ka nema ba, a saka su cikin lissafi daga baya, saboda haka idan ba ka so ka mayar tun ba ka taɓa ba. Wanda ya cancanci ka nema da kanka shi ne za'aluk, wato gauta irin babba mai baƙar fata da aka dafa da tumatir da tafarnuwa da man zaitun har ta narke, da kuma taktuka, wadda ake yi da gasasshen tattasai da tumatir.

Ɗajin da aka fi samu iri uku ne ko huɗu. Akwai na kaza da zaitun da lemun tsamin da aka tsuma cikin gishiri na makonni har ɓawonsa ya yi laushi, kuma da shi nake ba sabon zuwa shawarar ya fara, domin ɗanɗanonsa na gishiri da tsami bai yi nisa da harshenmu ba. Akwai na kefta, wato niƙaƙƙen nama da aka mulmula ƙanana aka dafa cikin miyar tumatir aka fasa ƙwai a kai. Akwai na nama da kayan lambu, inda ake jera dankali da karas a tsaye su rufe naman. Sai kuma na rago ko na sa da busassun 'ya'yan itace masu zaƙi da kirfa da zuma da soyayyen lauz, wato ƙwayar da Turawa ke kira almond, da riɗi, wanda shi ne abincin biki da karrama baƙo. A nan ne Bahaushe yakan yi turus, domin mu ba mu saba haɗa nama da zaƙi a tukunya ɗaya ba. Ina roƙon mai karatu ya ba shi loma uku kafin ya yanke hukunci, saboda zaƙin yana zaune ne a kan citta da kurkum da albasar da ta narke, kuma sai a loma ta uku harshe yake rarrabe su. Haka bastila take, abincin da Fas ta yi suna da shi, wanda ake naɗe naman tantabara ko kaza da ƙwai da lauz cikin siraran faifan ƙullu, a gasa, a barbaɗa sukari da kirfa a sama.

Yadda ake cin ɗajin ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana sa hannu a akushi ɗaya da 'yan'uwansa. Ka wanke hannu a famfon da akan ajiye a lungu, ka yi bisimilla, ka gutsuri burodi da hannun dama, ka riƙe shi da yatsu uku, ka dangwali romo ka haɗo da kayan lambu. Burodin shi ne cokali. Idan ku da yawa ne a tukunya ɗaya, kowa ya ci daga gabansa, a fara daga gefe ana matsowa tsakiya, naman da ke tsakiya kuma a bar shi sai ƙarshe a raba, kamar yadda aka hore mu tun muna yara. Kada ka taɓa tukunyar da hannu, domin ƙasa tana riƙe zafi fiye da yadda ido ke nunawa. Kuma kada ka bar ɗan ƙanzon albasa da ya kama a gindinta, domin can daɗin ya taru. Wanda ya fi son cokali ya nema, za a ba shi ba tare da wani kallo ba.

Girkin Maroko yana da ƙamshin kayan yaji amma ba shi da zafin barkono. A tebur za ka tarar da gishiri da garin kamun, wato kayan ƙamshin da Turawa ke kira cumin, wanda suke barbaɗawa a nama da ƙwai. Idan harshenka ya matsa, ka nemi "harisa", wato kwaɓaɓɓen barkono, ko garin barkonon da suke kira "sudaniya", amma ka zuba a gefe, kada ka juye a tukunyar da mai girki ya yi awanni yana daidaita ɗanɗanonta.

Kuskus yana da ranarsa, ita ce Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci iyalai sukan taru a kansa, ƙananan gidajen abinci da yawa kuma a ranar kaɗai suke yin sa, har su rubuta a allo su kafe a ƙofa. Dalilin haka aikinsa ne: ana turara shi a tukunya mai huji kamar madambaci a kan romon nama, a sauke a murza da hannu da ruwa da mai, a mayar, har sau biyu ko uku, kuma duk macen da ta taɓa yin dambu ko burabusko ta san wannan ba aikin minti goma ba ne. Akan tara shi kamar tudu, a ɗora nama a tsakiya, a jera kabewa da karas da kabeji da sauran kayan lambu, waɗanda bisa al'ada akan so su kai iri bakwai. Wani kuma akan ɗora masa tfaya, wato albasa da zabibi da aka dafa da kirfa har suka yi zaƙi. Ba a cin kuskus da burodi, ana ci da cokali ko a dunƙula da hannu, a kora da lben, wanda ya yi kama da tsalar nono. A 2020 UNESCO ta shigar da kuskus cikin gadon al'adun duniya da sunan Maroko da Aljeriya da Tunisiya da Muritaniya tare, kuma wanda ya ci na ranar Juma'a a Fas zai gane abin da aka karrama, saɓanin wanda ya ci na ranar Talata da aka jiƙa da ruwan zafi.

Safiya da maraice su ma da nasu. Da sassafe, musamman lokacin sanyi a Fas da garuruwan arewa, ana shan bisara, fate mai kauri na busasshen wake da ake zuba wa man zaitun da kamun, ko a ci msemmen, wato soyayyen ƙullu mai ninki-ninki, da zuma. Da yamma sai harira, miyar tumatir da adas, wato wani ɗan ƙaramin wake mai faɗi, da wake da ɗan nama, wadda ake sha da dabino. Abincin dare kuwa a makare suke ci, daga ƙarfe takwas zuwa sama.

Mai son gashi ya nemi wuraren da mahauci da mai gasawa suke maƙwabtaka, waɗanda suka yi yawa a tashoshin mota da kan manyan hanyoyi. Za ka sayi nama da awo a wurin mahauci, ka ce a niƙa ko a yanka, ka miƙa wa mai gashi, sannan ka biya shi ladan aikinsa dabam. A Marakish, kusa da Jami'ul Fana, akwai wani lungu da ake gasa rago sukutum a cikin rami, ana sayar da shi da awo da gishiri da kamun, kuma da rana ake samunsa. A can ne kuma za ka ga tanjiya, tulun ƙasa da ake cika da nama da tafarnuwa da tsumammen lemun tsami da man shanu, a ɗaure bakinsa da takarda, a kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne cikin toka mai zafi na tsawon awanni. A garuruwan bakin teku irin su Sawira da Agadir, ka zaɓi kifinka ɗanye, a auna a gabanka, ku daidaita kuɗi, sannan a ɗora a wuta. Sardin ɗin da muka sani a gwangwani, wanda da yawansa daga Maroko yake zuwa kasuwanninmu, a can za ka ci shi sabo daga garwashi.

Naman waɗannan ƙananan wurare yankan Musulmi ne, kuma ba a sayar da giya a cikinsu, sai a wasu manyan gidajen abinci da otal-otal masu lasisi. Ruwan sha kuwa gara baƙo ya nemi na gora, irin su Sidi Ali, ya tabbatar murfin a rufe yake. Bayan abinci sai atay, koren shayi da ɗanyen na'ana'a da sukari mai yawa, wanda ake tsiyayawa daga sama don ya yi kumfa, kamar yadda masu shayin Agadas da Zinder suka saba. Mai ciwon sukari ya ce "bla sukkar" tun kafin a haɗa, domin a cikin buta ake zuba sukarin. Idan wani ya ce maka "bsahha", yana yi maka fatan abin da ka ci ya zama lafiya, amsar kuma ita ce "Allah ya'ɗik sahha".

Wanda tafiyarsa ta faɗo cikin azumi ya sani yawancin waɗannan gidaje a rufe suke wuni, sai dab da magariba su buɗe da harira da dabino da dafaffen ƙwai da shabbakiya, wani soyayyen ƙullu da ake tsomawa a zuma. Sashe na 222 na dokar laifuffukan ƙasar ya tanadi ɗaurin wata ɗaya zuwa shida ga wanda aka san Musulmi ne ya ci abinci a bainar jama'a da rana ba tare da uzuri ba, don haka matafiyin da ya ɗauki rangwamen ajiye azumi ya ci a masaukinsa.

In ka ƙoshi, ka ce "l-hsab afak" a kawo lissafi. Ka riƙe tsabar kuɗi da ƙananan takardu na dirhami 20 da 50, domin yawancin ƙananan wurare ba sa karɓar kati, kuma takardar 200 takan ba su wahalar canji. A Marakish da Kasablanka da wasu garuruwa za ka iya jin an ambaci adadin da zai tayar maka da hankali, saboda mutane da yawa har yanzu da riyal suke ƙirga, riyal 20 kuma shi ne dirhami ɗaya, kamar yadda Hausawan Nijar suke ƙirga sefa da dala. Idan aka ce riyal 600, dirhami 30 ake nufi, kuma in ka yi shakka ka ce a faɗa maka da dirhami ko a rubuta. Ba a yin ciniki a kan abincin da aka riga aka ci. Ka bar wa yaron da ya yi maka hidima tukwicin dirhami kaɗan a kan tebur, ko kusan kashi goma cikin ɗari idan wurin ya ɗan fi girma, ka ce wa mai girki "Allah yarham l-walidin", addu'ar da suke yi wa iyayen wanda ya kyautata musu, sannan ka yi sallama da "bslama".