Yadda ake koya wa yaro mai galahanga hulɗa da 'yan ajinsu ta hanyar aikin mutum uku

Idan an tashi tara, akan ga yaro a gindin bishiya shi kaɗai yana jera duwatsu, ko wani da ke faɗa wa wasan mutane da ƙarfi har su kore shi. Sau da yawa mai lalurar galahanga ne (autism, lalurar da ke sa hulɗa da mutane ta yi wa yaro wuya), ko mai yawan ƙiriniya da kasa tsayar da hankali wuri ɗaya. Dokokin wasa da sauran yara ke tsinta a iska, shi sai an shimfiɗa masa su a fili. Ko sau nawa aka ce masa "je ka yi wasa da 'yan'uwanka", ba a ba shi hanyar shiga ba. Hanyar ita ce aikin da ba zai kammalu ba sai da hannun wani.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel LeGoff, ya lura cewa yara masu galahanga da ba sa kula juna sukan soma magana idan Lego, wato ƙananan bulullukan roba na wasan gini, ya haɗa su. A 2004 ya wallafa sakamakon tsarin da ya gina a kan haka, inda yara ke raba aiki uku: injiniya, mai kawo kaya, da magini. Lego na da tsada, amma karan dawa, murafun kwalba da laka za su yi aikin.

Da farko ku zaɓi yara uku kacal. Ɗaya ko biyu masu lalurar, sauran kuma masu haƙuri, waɗanda ba sa tsokana. Kada ku ɗauko wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji don kawai ƙoƙarinsa, domin irinsa yakan ƙwace aikin ya gama shi kaɗai.

Sai wuri da lokaci. Ku nemi lungun da babu hayaniya, nesa da janareta, ku shimfiɗa tabarma. Rana ɗaya, lokaci ɗaya, kowane mako. Minti 15 zuwa 20 sun isa a farko.

Yanzu rabon aiki, kuma nan ne ya kamata malami ya ɓata lokacinsa. A ce motar kara za a haɗa. Injiniya ne kaɗai ke riƙe da zanen motar, kuma ba ya taɓa kaya. Mai kawo kaya yana zaune da kwano a gabansa, ba ya miƙa komai sai abin da aka ambata. Magini kuma ba ya ganin zanen, sai abin da aka faɗa masa. Injiniya zai ce, "Ba shi dogon kara guda biyu." Mai kaya ya ɗago ɗaya: "Wannan?" "A'a, wancan mai kauri." A cikin wannan 'yar magana an yi tambaya, an saurara, an jira, an gyara kuskure ba tare da faɗa ba. Yaron da ba ya magana sosai yana iya nuni da yatsa ko ɗaga katin hoto, kuma a karɓi hakan a matsayin cikakkiyar amsa. Kowane zama a juya ayyukan, don mai son ba da umarni shi ma ya ɗanɗani jira.

Dokoki kada su wuce uku, a zana su a kwali: mu jira juna, mu tambaya kafin mu ɗauka, wanda ya ɓalle abu shi zai gyara.

Ku kuma, malam, ku ja da baya. Idan rigima ta tashi kan taya, kada ku yanke hukunci. Ku ce, "Na ga akwai matsala, ya za mu yi?" sannan ku yi shiru ku ƙirga goma a zuci. Yawancin waɗannan yara suna buƙatar lokaci kafin amsa ta fito, kuma saurin babba ne ke kashe ta.

Ina roƙon abu biyu. Kada a tilasta wa yaro kallon ƙwayar idon mai magana. Yana takura da yawansu, kuma a tarbiyyarmu ma yaro ba ya ƙura wa babba ido. Haka nan idan yana kaɗa hannu ko jijjiga jiki, a bar shi, da haka yake kwantar da hankalinsa. In ya toshe kunne ko ya soma kuka, ya koma gefe ya huta, ba a matsayin horo ba, ya dawo idan ya shirya. Bulala ba ta da wuri a nan ko kaɗan.

Yabo ya zama takamaimai: "Ka jira har ya gama magana, madalla." Bayan kowane zama ku rubuta layi ɗaya a littafi kan abin da kowane yaro ya yi da kansa, ba tare da an tuna masa ba.

Idan rukunin ya zauna da gindinsa, ku fitar da shi waje: wasan dara lokacin tara, ko raba littattafai a aji su uku. Ku faɗa wa iyaye irin kalmomin da kuke amfani da su, don a gida ma a raba aiki haka da yayye da ƙanne, ko da wajen tsinar shinkafa ne ko jera kwanuka.